Ƙwallon da Ake Aika wa Wanda Ya Tafi

Akwai wani mutum mai suna Gayus, wanda ƙwallon ƙafa ce sana'arsa. A ƙungiyarsu shi ne mai raba ƙwallo. Yana tsakiyar fili, in ta zo ƙafarsa shi ke zaɓar ɗan gaban da zai aika wa. Shekara bakwai ya yi yana wasa da wani ɗan gaba mai suna Tanko, mai gudu kamar an biyo shi da bulala. Gayus ko ɗaga kai ba ya yi. Sai dai ya cilla ƙwallo can gaba ta hagu, inda babu kowa, kafin ta tsaya Tanko ya riga ya isa. Da haka suka yi ta cin wasa, har masu sayar da gyaɗa a bakin fili suka haddace sunayensu.

Ana nan sai Tanko ya ji ciwo a gwiwa, ya ajiye wasa, ya koma ƙauyensu noman dankali. Ƙungiya ta ɗauko sababbin 'yan gaba biyu. Ishaku dogo ne, ba shi da sauri ko kaɗan, amma in ƙwallo ta zo ta sama ba mai kai shi. Zakka kuwa gajere ne, shi a ƙafa yake son a ba shi, ya yanke mutane ya wuce.

To, ƙwaƙwalwar Gayus ta san Tanko ya tafi, amma ƙafarsa ba ta samu labari ba. Kowane wasa sai ya cilla ƙwallo can gaba ta hagu, ta yi ta gangarawa ita kaɗai har ta fita waje. Aka yi ta cin su. Magoya bayan da ke yi masa waƙa suka koma yi masa ihu. Ƙungiya ta zame ƙasan teburin gasa, aka kuma faɗa masa ƙarara cewa in suka faɗa ƙaramin rukuni, shi za a fara sallama. Saura wasa ɗaya. Gayus ya ji tsoro ƙwarai, tsoron kuma ya zama fushi.

Sai ya tafi wurin kocinsu, wani dattijo mai suna Dogara, ya ce, "Koci, waɗannan da aka kawo mini ba 'yan ƙwallo ba ne. Ishaku in ya fara gudu yau, sai jibi ya isa. A nemo mini mai gudu kawai!"

Dogara ya ce, "Ɗana, wa kake ba ƙwallo?"

"'Yan gabana mana."

"A'a, Tanko kake ba. Shi kuwa yana gonar dankali, ƙwallonka ba za ta kai can ba. Daga gobe har kwana uku kada ka taɓa ƙwallo. Hau can saman kujerun 'yan kallo ka zauna, ka kalli mutanen nan biyu suna atisaye. In ka sauko kuma, ba ka ba kowa ƙwallo sai ka dube shi ka kira sunansa."

Ranar farko Gayus ya zauna yana ta kumbure-kumbure, bai ga komai ba. Rana ta biyu ya lura cewa Ishaku kan ɗan ɗaga hannu kafin ya sulale bayan masu tsaron baya. A rana ta uku ya ga abin da ya kashe masa jiki. Duk sanda ƙwallo ta zo tsakiya, Zakka kan dawo baya taku uku, ya tsaya fili a buɗe yana jira. Haka yake yi a kowane wasa, Gayus bai taɓa ganinsa ba. Kunya ta kama shi, ya sauko da sauri.

Ya ce, "Zakka, tun yaushe kake tsayawa haka?"

Zakka ya ce, "Tun ranar da na zo, yaya. Ni na ɗauka ba ka so na ne."

Gayus ya ce, "Ka yafe mini."

Ranar wasan ƙarshe fili ya cika maƙil. Aka je hutun rabin lokaci ba wanda ya ci. Can kusa da tashi ƙwallo ta zo wa Gayus, ƙafarsa ta ɗauki hanyar hagu kamar kullum. Ya danne ta. Ya ɗaga kai, ya kwarara kira, "Zakka!" ya ajiye masa ita a ƙafa. Zakka ya yanke mutum biyu, ya ga hannun Ishaku a sama, ya ɗaga masa. Ishaku bai yi gudu ba, ba a ma buƙaci ya yi ba. Kai kawai ya sa, sai ga ta a raga!

Kai, ranar an sha murna. Dattijo Dogara ya taka rawa har hularsa ta faɗi, 'yan gaban nan biyu suka ɗaga Gayus sama yana dariya yana hawaye. Ƙungiya ta tsira, shi ma aikinsa ya tsira.

'Yan'uwa, ga abin da misalin nan yake koya mana. Ƙwallon nan ita ce abin da Ubangiji ya sa a hannunka domin ka miƙa wa wani: amana, ko aiki, ko kalmar ƙarfafawa. Tanko kuwa shi ne mutanen kirki da Allah ya albarkace mu da su a dā. Ba laifi mu tuna da su, mu gode. Amma akwai shugaban mawaƙan da har yau yake ɗaga waƙa daidai muryar matar da ta bar gari tuntuni, sa'an nan ya ce mawaƙan yanzu ba su iya ba. Akwai dattijon da ba ya jin wa'azi sai ya auna shi da na tsohon fasto. Akwai uwar da take neman halin babban ɗanta a jikin ƙaramin, ba ta ga baiwar da aka ba shi ba.

Allah bai bar ikkilisiyarsa babu ma'aikata ba, sai dai bai yi alkawarin aiko su da kamannin na jiya ba. Wanda kake addu'a a turo maka, mai yiwuwa ya daɗe da zuwa, yana zaune a benci ɗaya da kai, yana zaton ba ka son sa ne. Kada ka bar shi ya koma gida yau da wannan zato.