Sai-an-gama da Haƙorin Auta

Akwai wani bakanike da kowa a layin garejinsu yake kira Sai-an-gama. Ba haka kawai sunan ya bi shi ba. In ka kawo masa mota ya kwance ta, ka ji injin ya tashi ka ce bari ka tafi da ita gobe ka dawo a ƙarasa, to ka taro wa kanka. Zare makullin zai yi ya jefa a aljihu, ya ce, "Tashi daban, lafiya daban. Motar nan ba ta fita sai an gama."

Yana da wata ɗabi'a kuma. Duk abin da ya lalace a motarka saboda sakacinka, in ya cire ba ya yarwa. Tafin hannunka zai buɗe ya danƙa maka, ya ce, "Ga naka. Ka ajiye ka riƙa kallo." Aiki kam ya iya, ban rage masa komai ba. Amma mutumin nan a duniya ba ya ƙaunar a ce masa ya yi kuskure.

Yana da 'ya, autarsa, malama ce a ajin ƙananan yara. Yarinya mai yawan dariya, in tana wasa da ɗalibanta har daga bakin ƙofar makaranta kana jiyo ta. Tun tana ƙarama ta taɓa faɗuwa a matakala ta buga haƙorinta na gaba, na sama. Bai karye ba, aka manta da shi. Shekaru suna tafiya yana ɗan yin duhu, har ranar da ya tashi da ciwo. Kwana uku Auta ba ta iya kurɓar ko ruwan ɗumi ba.

Da safe, kafin ya fita, uban ya kira ta. Ya tsoma auduga a ruwan batir ya ce ta buɗe baki.

Matarsa ta ce, "Malam, ruwan batir fa? A bakin mutum?"

Ya ce, "Duk garejinmu da shi muke yi. Ki bar ni da aikina."

Jama'a, ruwan da in ya ɗiga a wando sai ya huda shi, shi ya danna wa 'yarsa a baki. Dasashinta ya ƙone ya yi fari, ciwon kuma ya ninka. Da uwar ta tayar da hankali, dole ya kwashe su a mota zuwa asibitin haƙori.

Likitar mace ce, ba ta fi sa'ar babbar 'yarsa ba. Ta kwantar da Auta a kujera, ta jawo fitila, ta ɗaga leɓenta. Nan take fuskarta ta canja.

"Me aka sa a nan?"

Sai-an-gama ya gyara tsayuwa ya ce, "Ni na sa mata ruwan batir, don ya kashe tsutsar da ke cin haƙorin."

Likitar ta ajiye abin da ke hannunta ta dube shi. "Baba, babu wata tsutsa. Ƙona ta ka yi. Da ya gangara maƙogwaronta, da yanzu wani zancen muke yi. Don Allah kada ka sake."

Abin da ta faɗa ke nan, ba ƙari. Amma a gaban matarsa da 'yarsa ta faɗa, kuma wannan ne ya tsaya masa a wuya. Ya sha mur, ya harɗe hannuwa, duk bayanin da ya biyo baya ta bayan kunnensa ya bi.

Bayanin kuwa mai sauƙi ne. Ta ɗauki hoton haƙorin ta nuna musu wani baƙin tabo a ƙarshen saiwarsa. Ta ce jijiyar da ke cikin haƙorin ta mutu tun bugun nan, ta ruɓe, mugunya ta taru a ƙasa. Amma ba sai an cire shi ba, ana iya ceto shi. Za ta huda ƙaramin rami ta bayansa, ta kwashe ruɓaɓɓiyar jijiyar da wasu siraran allurai, ta wanke, ta sa magani, ta toshe da ciko na wucin gadi. Bayan kwana goma Auta ta dawo a sake wankewa, a cike saiwar da ciko na dindindin, a rufe.

Ta yi mata allurar kashe zafi ta yi aikin farko. Da za su tafi ta rubuta ranar dawowa a kati, ta riƙe hannun Auta ta ce, "Ki saurare ni da kyau. Gobe ko jibi za ki ji ciwon ya tafi. Ba warkewa ba ce, ruɓaɓɓiyar jijiyar da ke jawo miki ciwon ce na cire. Haƙorin nan yanzu cikinsa rami ne, kuma abin da na toshe da shi ba ya daɗewa. Ki dawo."

Haka kuwa aka yi. Kwana biyu ciwo ya ɗauke kamar an zare ƙaya. Auta ta koma aji, dariya ta dawo. Ta maƙala katin a jikin madubin falo don kada ta manta.

Ana gobe za ta koma, uban ya shigo ya ga katin. Ya ciro shi ya ce, "Wannan fa?"

"Na komawa asibiti ne, Baba."

"Yana miki ciwo?"

"A'a."

"To komawar me? Ki je ki buɗe wa marar kunyar yarinyar nan baki, ta ƙara samun abin faɗa a kaina?"

Uwar ta fito daga kicin hannunta da ruwa. "Malam, ka ji tsoron Allah. Da kunnenka ka ji ta ce ba a gama ba. Kai da ko mota ba ka bari a fita da ita rabi da rabi?"

Ai kamar ta watsa masa fetur. "Mota kike haɗa mini da haƙori? Ni za ki koya wa gyara? Shekara talatin ina kwance inji, yarinyar da aka haifa jiya ta tsaya a gaban iyalina tana wanke ni, ku kuma kuna gyaɗa kai!" Ya yaga katin gida huɗu, ya nuna Auta da yatsa. "In kika sake taka ƙofar matar nan, ban yafe ba."

Wallahi duk lokacin da na zo nan a labarin sai raina ya ɓaci. Kalma mai nauyi irin wannan, wadda 'ya'ya suke tsoro fiye da duka, ya ɗauko ta ya kashe a kan me? A kan an ce masa kada ya sake zuba ruwan batir a bakin mutum. Auta ta tsince guntayen katin ta zuba a shara.

Wata biyu ba abin da ya faru, shi kuma har gori yake yi. In ta wuce sai ya ce, "Ina haƙorin da aka ce zai faɗi? Likitocin zamani!"

A wata na uku cikon ya faɗo tana goge baki. Abinci ya fara shiga ramin, baki ya fara wari, tana koyarwa tana kawar da kai daga yara. Uwar ta sake roƙonsa, har da hawaye. Maimakon ya sauko, sai ya dawo daga gareji da gam ɗin da yake liƙe lagireton mota da shi, mai kwaɓi biyu. Ya kwaɓa a murfin gwangwani ya ce, "Abin da ke riƙe tafasasshen ruwa ne zai kasa riƙe haƙori?" Auta ta rufe ido ta buɗe baki, don uba ne. Ya toshe ramin da gam ɗin, a kan duk ƙazantar da ta riga ta shiga ciki.

Sati bai cika ba leɓenta ya yi suntum, kumburin ya hau har gefen hanci. Wata rana tana karin safe, ta ciji ɓawon burodi sai ta ji ƙas. Ta dafe baki, jini na bin yatsunta.

Uwar ba ta nemi izinin kowa ba. Ta yafa mayafi ta ce, "Tashi mu je. In ya so ni ya ce bai yafe mini ba." Maƙwabciya ce ta kira shi a waya, ya biyo su asibitin da baƙin mai a hannunsa.

Ya shiga da shirin faɗa, amma likitar ba ta ba shi abin faɗan ba. Ta ciro guntun gam ɗin ta ajiye a faranti, ta kalli uban, ba ta tambayi ko mene ne ba. Ta sake ɗaukar hoto ta nuna masa wani siririn layi da ya taso daga bakin haƙorin ya nutse cikin saiwa.

"Ya tsage har ƙasa, Baba. Ramin ya daɗe a buɗe, ya ci ta ciki. Yanzu sai cirewa."

Muryarsa ta sauka. "Likita, ba yadda za a yi a haɗe shi? A ɗaure, ko a liƙe?"

"Babu. Da ta dawo a ranar da na rubuta, zama ɗaya ko biyu ya rage, kuma da ta tsufa da abinta. In wurin ya warke za mu iya sa mata na roba. Amma nata na Allah ya tafi."

Ya tsaya yana kallo aka cire wa 'yarsa haƙorin gaba. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma dube shi ba. Da aka gama, ta yi wa likitar alama da hannu a ba ta haƙorin, aka naɗe mata a bandeji.

Bayan sati ɗaya ta koma aji. Yara ba su san ɓoye magana ba. Wata ƙarama ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ke ma naki ya fita? Nawa Mama ta ce zai sake tsirowa." Auta ta ce mata eh, naki zai tsiro, ta juya allo ta daɗe tana gogewa.

Da aka tashi ba ta wuce gida ba, gareji ta nufa. Ta tarar da shi yana cikin sana'ar tasa, ya ƙwace makullin wani direba yana zazzaga masa masifa. "Don ka ji ta tashi shi ne ta warke? Ku mutane ba ku da haƙuri! Motar nan ba ta fita sai an..."

Ya hango ta, maganar ta maƙale.

Ta gaishe shi da ladabi kamar kullum. Sannan ta kama hannunsa mai baƙin mai, ta buɗe tafin, ta ɗora masa ɗan ƙullin bandejin. Ta sa ɗaya hannun ta kare bakinta, don yanzu haka take magana.

"Baba, ga naka. Ka ajiye ka riƙa kallo."

Ta juya ta tafi. Direban yana tsaye yana jiran makullinsa, shi kuwa Sai-an-gama ya zauna a kan tsohuwar taya ya warware bandejin, ya kasa ɗaga kai.

Darasi: Ɗaukewar ciwo ba ita ce warkewa ba. In likita ya fara maka aikin ceto haƙori ya ce ka dawo, ka dawo a ranar, ko da ba ka jin komai, kuma kada ka zuba wa bakinka abin da ba don baki aka yi shi ba. Ku kuma iyaye, don Allah ku daina ɗora fushinku a kan lafiyar 'ya'yanku. Gyaran da aka yi maka a gaban iyalinka bai rage ka da komai ba, amma girman kai yana iya cire wa ɗanka abin da ba za ka taɓa iya mayar masa ba. Ku tura wannan ga duk wanda kuka san an fara masa aikin haƙori ya ƙi komawa, tun nasa bai tsage ba.