An Ɗauke Ta Ne, Ba a Kashe Ta Ba

Akwai wani maigida wanda rufin gidansa yake yoyo. Wata rana ya ɗauki guduma da ƙusoshi, ya kafa tsani, ya shiga cikin silin, wannan wuri mai duhu da zafi a ƙarƙashin kwano, inda ba kowa sai ɓeraye da wayoyin lantarki. Yana cikin buga katako, sai ƙusa ta goce, ta huda wayar da take kai wuta ɗakin yara. Bai ji komai ba, gama an ɗauke wuta tun safe.

Ya haska tocila, ya duba ɓarnar, ya ce a ransa, "Wannan ai ƙaramin aiki ne." Ya yanke inda ya lalace, ya soma ɓare robar wayar da reza.

Matarsa ta ji an daina buga guduma, sai ta zo gindin tsani ta ce, "Baban Habila, lafiya?" Ya gaya mata abin da ya faru. Ta ce, "To, dakata in kashe wuta daga mita."

Ya yi dariya ya ce, "Wace wuta za ki kashe, Maman Habila? Wutar da babu? Je ki duba tuwonki kada ya kama." Kun dai san halinmu maza, in muna saman tsani ba ma son shawarar wanda yake ƙasa.

Ta ce, "An ɗauke ta ne, ba a kashe ta ba." Ta juya ta tafi.

Mutumin ya kama bakin wayoyin nan tsirara, ɗaya a dama, ɗaya a hagu, yana murɗa su tare, yatsunsa sharkaf da zufa. Ba zato sai unguwa ta kaure da ihu, "An kawo wuta! An kawo wuta!" Injin markaɗen maƙwabta ya tashi, rediyo ya soma magana a bayan katanga. Wayyo! Ya runtse ido yana jiran mutuwa, ba abin da ya zo masa a rai sai yaransa.

Amma ba abin da ya same shi.

Ya sauko daga tsani. Kowane gida fanka tana juyawa, nasa ne kaɗai shiru. Ya tarar da matarsa tsaye a gaban mita, ta cire fiyus ta riƙe a hannu, tana gadi kada wani ya mayar. Tuwo kuwa ya ƙone ƙurmus. Ya zauna a ƙasa ya yi kuka. Da ya natsu, ya kira mai gyaran wuta, wanda ya gwada wayar tukuna kafin ya taɓa ta, sa'an nan ya sa sabuwa.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Wayar nan ita ce tsohon halin da ka saba da shi, ko sha ne, ko fushi, ko gidan da ka san bai kamata ka shiga ba. Ɗauke wuta shi ne lokacin da jaraba ta yi nisa: abokan da suke jan ka sun yi tafiya, ko ciwo ya kwantar da kai. Sai ka ce, "Ai na daina." Ba ka daina ba, dama ce ba ka samu ba. Jaraba kuwa ba ta aiko saƙo kafin ta dawo. Cire fiyus shi ne tuba ta gaskiya: ka kai abin gaban Ubangiji, ka yanke hanyarsa daga tushe, ka nemi taimakon wanda ya fi ka sani. Matar nan kuma ita ce duk wanda Allah ya sa kusa da kai yana yi maka gargaɗi, kana masa dariya.

Maigidan nan ya tsira domin wata ta kashe masa wuta bai sani ba. Ba kullum ake samun haka ba. In ka koma gida yau, dubi abin da kake riƙe da shi da hannu biyu, ka tambayi kanka: an ɗauke ne, ko na kashe?