Gizo da Randa Mai Zufa

"Ku matso. Ga ta nan, ga ta nanku," in ji Iya Tabawa.

"Ta zo mu ji ta, Iya!"

Ƙoƙi matar Gizo tana da wata tsohuwar randa da ta gada wurin kakarta, baƙa wuluk, kullum jikinta a jiƙe. Ana tsakiyar bazara aka aiko cewa mahaifin Ƙoƙi yana tafe.

Gizo ya harari randar. "Surukina ya zo ya tarar da wannan mai zufa? Yoyo take yi!"

"Maigida, ba yoyo ba ne."

"Ke dai yi shiru."

Ya kinkime ta ya kai wa Kunkuru kyauta.

Ya karɓo garwa mai ƙyalli wurin Dila. Kafin azahar ruwan cikinta ya yi zafin da ya isa a dafa ƙwai.

Ya karɓo ƙwarya mai zane wurin Kura. Akuya ta sa ƙafa, ƙwarya ta dare biyu.

Ya karɓo tulu wurin Zomo, ya shafe shi da ƙaro don kada ya yi zufa. Bai yi ba kuwa.

Sai ga suruki da rana tsaka, leɓe a bushe. Gizo ya durƙusa ya miƙa masa moɗa. Tsoho ya kurɓa, ya furzar.

"Gizo, na sha ne wannan, ko na wanka?"

Gizo ya zura da gudu gidan Kunkuru. Ya tarar da Dila da Kura da Zomo sun yi layi gaban randar, kowa da moɗarsa.

"Malam Kunkuru, randata."

"Mai yoyon?" in ji Kunkuru. "Zufar nan ai ita ce sanyinta. Ɗauki, amma a ka, kuma ta cikin kasuwa."

Haka ya ratsa kasuwa, randa na ɗiga masa a ƙeya, mata na tambayarsa ko shi ne amaryar.

Suruki ya shanye moɗa uku, ya shafa wuyan randar. "Ta gyatumata ce. Ita ta shayar da ni ina yaro."

"Ni ma kullum cikin yabonta nake, Baba," in ji Gizo.

Ƙoƙi ta yi tari ta shige ɗaki.

"To kun ji," in ji Iya Tabawa. "Abin da ya daɗe yana muku aiki, ku tambayi dalilin ƙirarsa kafin ku raina shi. Ƙungurus kan kusu. Wa zai ɗebo min ruwa?"