Tudun Waldar Da Rilwanu Ya Goge

Shekara shida rabona da Kazaure. Na dawo na tarar an sare durumin da muke zama a ƙarƙashinsa, an gina shagon cajin waya a wurin. Mai shayin bakin tasha ya rasu, ɗansa ne a kan tebur, kuma bai gane ni ba. Rufin gidaje duk sola. Yaran da na bari suna langa su ne ke jan adaidaita yanzu, har ɗayansu ya ce min, "Alhaji ina za ka?"

Amma abin da ya fi tsaya min a rai wata mota ce da na gani a rumfar wani mai walda. 'Yar ƙarama, kujera biyu, babu rufi, ja jawur. Sai dai duk inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe an bar shi baƙi, da tudu, ba a shafa masa fenti ba. Na tambayi dalili, aka ba ni labarin nan. Ku daure ku karanta har ƙarshe.

Akwai wani matashi makanike a Kazaure, sunansa Rilwanu. Tun yana ƙarami burinsa ɗaya ne, ya ƙera motar tsere da hannunsa. Ya iya inji sosai, amma walda ba fagensa ba ce. Don haka ya tafi wurin yayan mahaifiyarsa, Kawu Daudu, wanda ya shekara talatin yana walda a garin.

Kawu Daudu ba mai yawan magana ba ne. Amalanke, garma, ƙofar gida, duk abin da ya fito daga rumfarsa ba ya dawowa gyara. Yana da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita. Kafin aiki ya bar hannunsa sai ya ɗauki sifana mai lamba goma sha bakwai, ya bi walda ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa, ya kara kunne. Wadda ta kamu tana amsawa ƙwal. Wadda ba ta kamu ba muryarta a dishe take.

Wata goma sha huɗu suka yi a kan motar. Rilwanu ya samo injin wani babban babur na hannu daga Kano. Kawu ya yanka bututun ƙarfe ya haɗa mata ƙashi. Kujerun roba suka yanke wa ƙafafu suka lulluɓe da soso. Da aka gama, maza huɗu suka ɗaga ta cak. Rilwanu ya raɗa mata suna Tsattsewa.

"Kawu, ranar da za mu zaga da ita, kujerar nan taka ce," in ji Rilwanu.

Kawu ya yi murmushi. "Allah ya kai mu, ɗan nan."

Rilwanu yana da aboki, Hussaini, gwanin ɗaukar bidiyo a waya. Suka ɗauki bidiyon motar suka sa a shafinsu na intanet tun kafin a yi mata fenti. Mutane suka yi ta yabo. Sai wani ya rubuta a ƙasa: "Mota ta yi kyau, amma wannan waldar kamar tabon ƙuna."

Yabo ɗari, suka ɗaya. Sukar nan ita ce ta hana Rilwanu sakat.

Ranar da Kawu ya tafi ta'aziyya Yankwashi, Rilwanu ya ɗauko injin goge ƙarfe. Ya bi tudun waldar nan ya goge, har wurin ya yi sumul kamar daga kamfani aka kawo motar. Hussaini yana gefe yana ɗauka, tartsatsi yana tashi, suna dariya.

"Ka ga ta ƙara sauƙi ma," in ji Rilwanu. "Ko rabin kilo ne an rage."

Ya feshe ta da jan fenti. A gefenta ya rubuta da farin fenti: ƘIRAR INJINIYA RILWANU. Sunan Kawu bai fito ko'ina ba.

Ranar da za a fita zagaye da motar jama'a suka taru a ƙofar rumfa da hantsi. Za a yi Kanya Babba da Babura, a juyo ta Yankwashi, a yi Gwiwa, a gangaro Roni a dawo gida. Kawu ya fito da wankakkiyar riga da hularsa ta Juma'a. Sai ya tarar da Hussaini a kujerar, da waya a hannu.

"Kawu, ka yi haƙuri, ana bukatar mai ɗauka ne. Kuma gudun nan ba na manya ba ne," in ji Rilwanu.

Kawu ya juya. Ya koma ciki ya ɗauko sifanarsa, ya durƙusa da wankakkiyar rigar a gaban tayar hagu. Ya ƙwanƙwasa inda hannun tayar ya kama jikin mota. Ya sake ƙwanƙwasawa.

"Rilwanu, nan ba ta amsa min ba. Ina tudun da na bari?"

"Fenti ne ya rufe shi, Kawu."

"Fenti ba ya cin ƙarfe. Ka taɓa waldata?"

Rilwanu ya dubi jama'a, ya dubi wayar Hussaini da ke ɗaukarsa. "Ban taɓa ba. Don Allah Kawu ka bar bugun nan, za ka kankare min fenti. Wannan ba amalanke ba ce."

Samari suka kwashe da dariya. Kawu ya miƙe yana karkaɗe gwiwa.

"Ka ba ni yini ɗaya in duba ta."

"Ana jiranmu a Babura."

Rilwanu ya tayar da inji, ƙarar ta rufe sauran maganar.

A kan kwalta Tsattsewa ta yi abin da ake so. A Babura kasuwa ta watse a kanta, har wani ɗan Nijar ya dinga rantsuwa sai an sayar masa, ko da sefa ko da raƙumi. Duk wanda ya tambaya wa ya ƙera, amsa ɗaya ce: "Ni kaɗai, daga farko har ƙarshe."

Kwana na uku suka baro Gwiwa suka nufi Roni. Suka bar kwalta suka bi wata hanyar duwatsu, saboda Hussaini yana son bidiyo da tsaunuka a baya. Gargada ta yi ta jijjiga motar. A wata kwana Rilwanu ya juya sitiyari, sai suka ji ƙas. Tayar hagu ta kwanta, mota ta yi gefe ta daki dutse.

Rilwanu ya fito da ƙujewa a goshi. Hussaini kuwa ƙafarsa ta dama ta karye wuri biyu. Manoma ne suka ɗauke shi a amalanke zuwa bakin titi.

Kafin la'asar labari ya cika Kazaure. Kuma duk da rubutun da ke jikin motar, babu wanda bai san wa ke walda a gidan su Rilwanu ba.

"Waldar Daudu ce ta ɓalle."

"Ai tsufa ya zo, ido ya tafi."

Aka tambayi Rilwanu a ƙofar asibiti. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni dai inji na haɗa."

Wanda ya ce shi kaɗai ya ƙera, yau inji kawai ya haɗa.

Kawu Daudu ya hau babur ya je har inda motar take. Ya ɗauki ƙarfen da ya karye, ya kankare fentin da farce, ya shafa da babban yatsa. Sawun injin guga a fili. Ya naɗe ƙarfen a buhu, ya kawo gida ya tura ƙarƙashin gado. Bai gaya wa kowa ba. Ɗan ƙanwarsa ne.

Aiki ya fara janyewa. Wani mai gini da ya ba shi aikin ƙofofi ya aiko a kwashe ƙarafan. Wani manomi daga Yankwashi, wanda tun zamanin mahaifinsa suke kawo aiki, ya zo ya ja amalankensa ba a gama ba.

"Malam Daudu, ba don komai ba. Iyali nake ɗauka a kai."

"Gaskiyarka," in ji Kawu. Shi ya kama masa ma suka fitar da shi.

Wata biyu rumfar shiru. Kullum Kawu yana buɗewa, ya share, ya zauna. Rilwanu ya daina bin layin gaba ɗaya.

Wata rana ya je duba Hussaini a gida. Ya same shi a zaure, ƙafa a miƙe, sanda a gefe.

"Injiniya, ka zo?"

"Haba Hussaini."

"Likita ya ce ɗingishin nan ni da shi har abada. Wannan na yafe maka, don ni ma na yi dariya ranar. Amma jiya Kawu ya zo gaishe ni. Ka san me ya ce? Wai in yafe masa." Ya buga sandar a ƙasa. "Dattijo yana neman gafarata a kan abin da na riƙe waya ina kallo kana yi."

Hussaini ya ɗauko wayarsa ya nuna masa.

"Bidiyon yana nan, ban goge ba. Na tura maka. Ba zan sa shi ba, ba aikina ba ne."

Washegari da hantsi Rilwanu ya je rumfar Kawu. Akwai majalisar dattawa a gefen rumfar, da masu faci, da 'yan acaɓa. Ya tsaya a tsakiya, ya kunna bidiyon ya miƙa wa na kusa da shi.

"Jama'a, waldar Kawu ba ta ɓalle ba. Ni na goge ta don kada a ce ta yi muni. Ya tambaye ni a gabanku na yi masa ƙarya. Kuma duk ƙashin motar nan shi ya haɗa, ni ko sandar walda ban iya riƙewa daidai ba."

Waya ta yi ta zagawa hannu zuwa hannu. Wani dattijo ya ce, "Kai Daudu, ka sani ka yi shiru?"

Kawu ya shiga gida ya fito da buhun, ya zazzage ƙarfen a gaban Rilwanu.

"Na sani tun a Roni. Jira nake in ji ko za ka amsa, ko kai ma a dishe kake."

Rilwanu ya durƙusa yana kuka. Kawu ya bar shi ya yi mai isarsa, sannan ya miƙa masa sifana.

"Tashi. Munin da ka goge, shi ne yake riƙe da ku. Je ka jawo motar."

Sun sake haɗa ta, walda ɗaya bayan ɗaya, Rilwanu yana ƙwanƙwasawa Kawu yana saurare. Rilwanu ne ya hana a yi wa waldar fenti. Bidiyon ma shi ya sa a shafinsa da hannunsa.

Ba zan ce muku komai ya koma daidai ba. Hussaini yana ɗingishi har yau. Wasu masu aiki sun dawo, wasu ba su dawo ba, don ba duk wanda ya ji ƙaryar ne ya ji gyaranta ba. Kujerar kuwa Kawu bai taɓa zama a kanta ba. Ya ce ranar da ya yi mata kwalliya ta wuce.

Ni dai jakata tana ɗaure a bakin ƙofa, gobe zan koma Fatakwal, zaman gida ya gagare ni. Amma na fasa bin motar farko. Akwai tsohon da ya koya min gyaran janareta a bayan kasuwa, mako uku ina gari ban je na gaishe shi ba. Can zan fara.

Darasi: Kada kunyar idon mutane ta sa ka goge abin da yake riƙe da kai, ko ƙarfe ne ko mutum. Idan ka karɓi yabo kai kaɗai, to ranar da abu ya lalace ka tsaya ka karɓi laifinka, kada ka bar shi a kan wanda ya rufa maka asiri. Ku tura wa duk wanda kuka san akwai wani Kawu Daudu a bayansa, ko zai tuna ya je ya gaishe shi tun yana da rai.