Littafin da Ya Sha Manja

Akwai wata gwauruwa mai masaukin baƙi a bakin tashar mota, ɗakuna goma sha biyu. Tsabtarta ta wuce misali; kujerar da ta saya shekara biyar da suka wuce ma har yau ba ta cire mata leda ba.

Wata rana wani tsohon mai bishara ya kawo mata Littafi Mai Tsarki guda goma sha biyu, ya ce ta sa ɗaya a kowane ɗaki, baɗi zai dawo ya ga yadda suke. Ta karɓa da hannu biyu. Amma da ta tuna masu sauka a wurinta, direbobi da fatake masu cin tuwo su goge hannu a labule, sai ta naɗe kowane littafi a leda, ta ɗora can saman kabad. Ɗaki na ƙarshe ne kaɗai ba shi da kabad, dole ta bar nasa a kan tebur.

Shekara ta zagayo. Ga shi kuwa littafin nan na kan tebur ya sha manja, bangonsa ya yage, takardunsa sun yi laushi. Kunya ta kama ta ƙwarai. Da wane ido za ta dubi dattijon da ya ba ta amana? Ranar da ya iso, ta ɓoye littafin cikin mayafinta, ta jera masa goma sha ɗaya suna ƙyalli.

Tsohon ya dube su, jikinsa ya yi sanyi kamar manomin da ya tarar da irinsa a rumbu bayan damina ta wuce. Ya tambayi na goma sha biyun. Ta durƙusa ta miƙa masa, ta ce, "Baba, ka gafarce ni. Wannan na kasa tsare shi."

Ya buɗe. A shafin ƙarshe wani direba ya rubuta cewa ya bar matarsa da 'ya'yansa da rantsuwar ba zai koma ba, amma ya karanta littafin nan, yau gida ya nufa. Ƙarƙashinsa kuma ga rubutun wasu, hannu daban-daban, har babu sauran wuri.

Tsohon ya yar da sandarsa, ya ɗaga littafin sama, ya shiga rawa a tsakar gida yana yabon Ubangiji. Ya ce, "Tashi, 'yata! Wannan kaɗai ne ya ci wa Ubangijinsa yaƙi." Kafin ya gama, ta riga ta fara yage ledar sauran da haƙoranta.

Ma'anar wannan misali ita ce, masaukin nan zuciyarka ce da gidanka, littafin kuwa Maganar Allah. Da yawanmu muna girmama ta har ba ma taɓa ta. Amma ba don ado aka ba mu ita ba, sai don ta shiga hannun gajiyayyu ta mai da su gida. In ka koma gida yau, sauko da naka daga saman kabad, ka ajiye shi inda hannu mai manja zai kai.