Kurege da Takardar Shaidar Hajiya Kura

Ga ta nan tafe, ku matso ku tare ta.

A Dajin Tsaunin Kanya akwai wani kurege da yunwa ta mayar da cikinsa kamar jakar wanzami. Aiki kam ba ya yi, amma baki sai ka ce rediyo. Ran nan ya ji Hajiya Kura mai kilishi tana zage-zage a rumfarta. Ta buɗe shafin ciniki a intanet, amma duk wanda ya shiga sai wayarsa ta ce masa shafin ba amintacce ba ne, sai ya ja da baya.

Kurege ya lanƙwasa guntun ƙarfe ya yi tabarau, ko gilashi babu a ciki. Ya je ya zube.

"Ranki ya daɗe, uwar ɗakina! Ni ne Injiniya Kurege, ƙaramin jiki babbar masifa, wanda kwamfuta ke gaisarwa da safe! Kwaɗon tsaro ne babu a shafinki. Sai dai aikin yana cin kilishi."

"Nawa yake ci?" in ji Kura.

"Faifai guda kullum. Ba ni ba, aikin."

Ta buɗe masa ɗakin sabar, wato injin da shafin yake zaune a ciki. Ya rufe ƙofa, ya cika kumatu, sannan ya zana hoton ƙaton kwaɗo ya manna a tsakiyar shafin. Kura ta gani ta yi guɗa. Kurege ya ce a ransa, "Kai kamar tulu, ciki fayau."

Da gari ya waye masu saye suka ce wannan kwaɗon zane ne, wayoyinsu ba su san shi ba. Su takardar shaida wayoyin ke nema, mai tabbatar da cewa shafin na Kura ne.

"Takarda?" in ji Kurege. "Ai ni ne uban takarda!"

Ya zauna ya rubuta: "Ni Kurege na shaida Kura mutuniyar kirki ce. Mai shaidar Kurege kuwa, Kurege." Ya buga hannu, ya ɗora a sabar. Wayoyi suka yi ja wur, suna tambayar wa ya san mai wannan sa hannun. Kura ta danne masa wutsiya da ƙafa.

"Injiniya, gobe in na ga ja, da kai zan yi kilishin jibi."

Ba shiri ya garzaya wurin Malam Kunkuru mai hatimi, tsohon da duk wayoyin dajin suka yarda da sa hannunsa. Kunkuru ba ya karɓar ko ƙwayar gero, amma ba ya gaggawa. Ya ba Kurege wata alama ya ce, "Ka ajiye ta cikin sabar. Zan tako da ƙafata in gani. In na same ta, na san da izinin mai gida ka zo."

Yini guda Kunkuru yana tafiya. Ya iso, ya ga alamar, ya buga hatimi. Sannan ya ce, "Ɗan nan, abu biyu. Sunan shafin Kura ne rubuce a takardar nan, ba ta shaidar kowa sai shi. Mabuɗin sirrin da ke tare da ita kuma, kada ya fita daga ɗakin nan."

"Na ji, Baba," in ji Kurege, yana hamma.

Ja ya ɓace, ɗan kwaɗo na gaske ya fito kusa da adireshi, ciniki ya ɓarke. Kurege ya ce wa Kura sai da ya yi kokawa da aljanu bakwai kafin hatimin ya samu. Ta ƙara masa faifai, ta kuma rantsar da shi kada ya taɓa yi wa abokin gabarta aiki, wato Alhaji Zaki mai dambun nama.

Da gari ya waye Kurege ya ji Zaki ya yi shela: duk wanda ya sa wa shafinsa kwaɗo kafin la'asar, cinyar bijimin sa tasa ce. Cinyar sa! Kunkuru kuwa ko yanzu ya taso, sai gobe.

"Takarda ai takarda ce," in ji Kurege. "Manyan dajin nan wa ya taɓa karanta abu har ƙarshe?"

Ya kwafi takardar Kura da mabuɗinta a filashi, ɗan abin adana bayanan kwamfuta, ya cusa a kumatu. Ya shafe jikinsa da baƙin tukunya, ya naɗe wutsiya cikin wando, ya nufi gidan Zaki.

"Allah ya ja zamanin manyan dawa! Ni ne Dokta Na-Birni, wanda ya koya wa intanet tafiya! Wancan Injiniya Kurege ɗan koyo ne, ko jakata ba zai riƙe ba."

Kafin azahar ya ɗora takardar, ya zauna ya rungumi cinya. Bai kai ga loma ta uku ba sai wayar Zaki ta yi ja: wannan shafi yana cewa na Zaki ne, takardarsa kuwa ta Kura ce. Manya ba sa karatu, gaskiyar Kurege. Wayoyinsu ne ke yi.

Zaki ya yi ruri. "Kura ta sace mini shago! Taso, Dokta, kai ne shaidata."

Ya saɓe shi a wuya har rumfar Kura. Kura ta duba wayar ta dafe ƙirji.

"Ni ce ma aka yi wa sata, Alhaji! Yaya takardata ta je gidanka? Bari Injiniyana ya zo su kara da Doktanka. Injiniya! Injiniya Kurege!"

Ta leƙa ɗakin sabar, babu kowa.

"Ranki ya daɗe," in ji Dokta da siririyar murya, "ina jin ya yi tafiya."

Rana ta take, zufa ta keto masa, baƙin tukunya ya fara zuba layi-layi. Ya buɗe baki zai ƙara ƙarya, filashin ya faɗo daga kumatu, tim, gaban Kura. Wutsiya ma ta gaji da zaman wando, ta leƙo.

Zaki ya kai mari, Kura ta kai cafka. Kurege ya bar musu wando da tabarau da rabin gashin wutsiya, ya faɗa rami da ka. A ranar Kunkuru ya soke takardar, tunda mabuɗinta ya yi yawo, shafuka biyu suka kwana ja, su Hajiya da Alhaji suka bi layi a ƙofarsa. A nan suka ji ashe hatimin kyauta ne.

Kurege kuwa yana can ƙasa yana gasa ƙugu, yana lasar man cinya a yatsu.

"Ni ne Kurege!" ya ƙwala ta bakin rami. "Na ci kilishin Kura, na ɗanɗani cinyar Zaki! Ba ku kuka kama ni ba, sakarkaru, wayoyinku ne, masu karanta abin da ba a sa su ba!"

Ƙurunƙus, tatsuniya ta kulle, mabuɗin ma kada ku ba Kurege ajiya.