Duwatsu Goma Sha Biyu na Mashigi

Akwai wani mutum, manomi, sunansa Habila, gidansu yana bakin wani kogi da ba ya ƙafewa. Ruwan kogin ja ne rani da damina, in ka tsoma hannu ba za ka ga yatsunka ba. A zamanin ƙuruciyarsa babu gada, babu kwalekwale. Duk mai son ƙetarewa sai ya nemi uban Habila, gama shi ne ya san inda duwatsun mashigi suke kwance a ƙarƙashin ruwa.

Kowace ranar kasuwa uban yakan ɗora Habila a wuya, ya shiga ruwa daga saiwar wani ɓaure, yana ƙirga duwatsun da murya, yana faɗin na dama da na hagu, mai santsi da mai girgiza. In ya kai goma sha biyu sai ya yi shiru. Habila kuwa yana can sama riƙe da kunnuwan ubansa, hankalinsa duka yana kan ƙosan da za a saya masa. Haka ƙirgan ya zauna masa a kai kamar waƙar wasa. Har ya yi furfura, in ya ji ƙanshin laka a farkon damina sai muryar nan ta dawo masa, kewar ubansa ta cika masa zuciya.

Uban ya rasu, aka kawo kwalekwale, mutane suka manta da mashigi. Wata rana Habila ya tsaya a gindin ɓauren ya auna kogin da ido. Dutse goma sha biyu taku goma sha biyu ne, kogin kuwa ya kai taku ashirin. Ya ce a ransa, ashe Baba bai gama faɗa mini ba. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Sai ya shiga bin dattawa. Wani ya ce, "Akwai takwas na asiri, ubanka ya tafi da su kabari." Wani ya ce ya jira, za a nuna masa a mafarki. Habila ya tara zance iri iri har ya zama gwanin labarin mashigi, in ya fara ba mai katse shi. Shekara talatin yana wannan gwaninta, ruwan mashigin bai taɓa jiƙa masa ko idon sawu ba.

Wata safiya tsohuwarsa, Iya Tabita, ta tashi da zazzaɓi mai zafi, numfashinta yana sama sama. Mai magani yana ƙetare. Habila ya ruga bakin kogi ya tarar igiya ta tsinke, ruwa ya tafi da kwalekwalen. Ya dawo ya durƙusa kusa da ita.

Ta ce, "Goya ni, ka bi mashigin ubanka."

Ya ce, "Iya, goma sha biyu kaɗai ya faɗa mini. Ba su kai gaɓa ba."

Ta ce, "Ni ban san duwatsu ba, ban taɓa shiga ruwan nan ba. Amma na san mutumin da na zauna da shi. Bai taɓa ba ka rabin magana ba."

Habila ya goya ta, ya shiga daga saiwar ɓauren. Na ɗaya yana nan. Na huɗu yana hagu, na bakwai yana da santsi, daidai yadda aka faɗa. Da ya hau na goma sha biyu ruwa yana ƙirjinsa, gaɓa tana can da nisa, zafin jikin Iya yana ƙona masa baya. Ƙirga ya ƙare. Ya rufe ido ya miƙa ƙafa.

Ƙafarsa ta sauka a kan fa, shimfiɗaɗɗen dutse mai faɗi kamar masussuka, yana hawa a hankali har bakin gaɓa. Babu abin ƙirgawa a nan, shi ya sa uban yakan yi shiru. Iya Tabita ta sami magani ta rayu. Habila kuwa ya zauna a ƙofar mai magani yana kuka, yana cewa, "Baba, shekara talatin ina zarginka."

Ma'anar wannan misali ita ce, kogin nan zunubi ne da mutuwa, ba mai ƙetare shi da dabararsa. Duwatsun su ne Maganar Allah a cikin Littafi Mai Tsarki, fan da suke kaiwa gare shi kuwa Yesu Almasihu ne. Littafin bai amsa kowace tambayar da ke cikin kanmu ba, amma duk abin da mutum yake bukata domin ya sami ceto yana ciki, ba a ɓoye ko ɗaya ba.

'Yan'uwa, da yawa a cikinmu iyayenmu ne suka koya mana ayoyi tun muna kan cinyarsu, har yau muryarsu tana kunnenmu. Amma mun auna da ido mun ce bai isa ba, mun shiga neman ƙarin asiri a mafarki da bakin mutane. Jahilcin Habila ba rashin sani ba ne, ya haddace duka goma sha biyun. Rashin takawa ne. Shi ya sami zarafin takawa kafin Iyarsa ta cika. Kai da ka haddace, ba ka san safiyar da igiyar kwalekwalenka za ta tsinke ba. Ka taka yau.